Ƙwayoyin da Na Zuba a Hulata

Aji uku na yi a firamare, malamai suka huta, ni ma na huta. Amma ’yar ƙanena ta yi digiri, ta koma neman na biyu, wai tana koyon yadda ake gwada sabon magani a san ko yana aiki. Ubanta yana kwance ba lafiya a lokacin, kullum zancensa ɗaya: Allah ya nuna masa ranar da za ta gama.

Da aka ce ta zaɓi garin da za ta yi aikinta, ni na dage ta zo ƙauyenmu a ƙasar Roni. Na ce, “Dattawan nan a tafin hannuna suke.”

Maganin ciwon gaɓoɓi ne iri biyu, sabo da tsoho, kamarsu ɗaya. Ƙuri’a ce ta raba mu, kowa da kwalbarsa mai lamba. Ita kanta ba ta san wanda ke shan wanne ba. Ta durƙusa ta ce, “Baba, don Allah kowa ya sha nasa.” Na ce ta kwantar da hankalinta.

To mu a nan, idan magani ya karɓe ka, sai ka sam wa maƙwabci. Bayan sati biyu ina tafiya masallaci ba sanda, abokina wanzami kuwa yana ɗingishi. Ya tare ni a majalisa, ya ce, “Ɗan banza, ’yarka ta zaɓa maka mai kyau, mu ta ba mu alli!”

Na ce adalci ai ba wuya. Na cire hulata, mu bakwai muka juye kwalabenmu a ciki, na girgiza, na raba. Kafin Juma’a dabarar ta zaga gari.

Ba wanda ya kai ƙarata. Da bakina na gaya mata, ina washe haƙora, ranar da ta zo auna mu. “Likita, na gyara miki aiki.”

Ta daɗe tana kallon kwalbar da ke hannunta. Ta ce, “Baba, yanzu wa ya sha wanne?”

A nan na gane ɓarnar. Sai na ƙara wata a kai. Na ce ta rubuta kawai cewa kowa ya sha nasa, wa zai sani?

Ta ce, “Ni na sani.”

Ta gaya wa malamanta. Aka soke duk aikin garinmu, ta koma garin Babura ta fara daga farko. Shekara guda ta ƙaru. Ubanta ya rasu saura wata huɗu ta gama.

Ba ta taɓa ɗago mini maganar ba. Ranar da ta kawo takardar shaidarta gida, ni ta miƙa wa, tunda ni ne uban da ya rage. Na riƙe ta da hannu biyu ina kallon rubutun da ba na iya karantawa.