Faifan Lyle Yana Cikin Leda

Mijin ƙanwata, Lyle Dombrowski, bai taɓa shan giya ya yi maye ba, bai taɓa ɗaga wa mace hannu ba, bai kuma taɓa makara wurin aikinsa a masana'antar gilashi ta nan Toledo ba. Na fara da wannan ne don kada a ce ni Bernice na tsufa da baƙar zuciya. Mutumin kirki ne, duk layinmu za su shaida. Ni ma na shaida, amma har yau idan na hango shi a coci sai in canja benci.

Lyle mutum ne mai tsoron kada abu ya tsufa. Kujerun falonsa suna lulluɓe da leda tun ranar da aka kawo su, in ka zauna da bazara sai ka tashi da ƙara. Sabon takalmi sai ya shekara a kwali. Ƙanwata Noreen takan yi dariya ta ce, "Yaya, duk gidan nan ni kaɗai ce ba a leda nake ba, kuma kullum kallona yake yana auna ni."

Abin da yake so kamar ransa shi ne Karnukan Tasha, wasu samari huɗu masu gashi har kafaɗa, 'yan kiɗan rok. A kunnena hayaniya ce kawai, kamar ana wanke tukwane da fushi. Amma a wurin wasansu shi da Noreen suka fara fita tare, wata Asabar da la'asar, a bikin baje kolin amfanin gona na gundumarmu. Ran nan makaɗan suka yi wata waƙa mai sanyi da ba su taɓa yi ba, ba su kuma sake yi ba. Lyle bai ji farkonta ba, yana can layin sayen masara.

Suka yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, ta girma ta tafi Denver. Karnukan suka watse, suka yi tumbi, kuɗi ya ƙare musu, sai suka tuna da masoyansu. Suka fito da ɗan ƙaramin faifai ja, waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, 'yan kaɗan aka buga, kuma mutum ɗaya faifai ɗaya. A jikin ledar an manna takarda ruwan gwal mai cewa waƙar baya an ɗauke ta ne a bikin gundumarmu, kuma ba za a same ta a ko'ina ba sai a nan.

Lyle ya bi layi cikin dusar ƙanƙara ya samo nasa. Ina gidan ya shigo da shi a ƙirji, cikin riga. Noreen ta karanta takardar, ta yi tsalle kamar yarinya.

"Ranarmu ce! Lyle, na rantse muryata tana ciki. Da suka yi shiru kafin waƙar, na ƙwala ihu, duk filin sai da ya waiwayo."

"Me kika ce?"

"Sa mana ka ji."

Ta nufi garmaho, shi kuma ya ja da baya.

"Haba Noreen. Ba a buɗewa."

"Kamar yaya ba a buɗewa? Faifai ne ko gwangwanin guba?"

"In aka yaga ledar ya zama tsoho. Tambayi kowa."

Kowa ɗin nan wasu maza ne irinsa da ke haɗuwa ran Lahadi a bayan shagon faifai, kowanne da nasa a leda, suna nuna wa juna. Suna gardama a kan waƙar da babu wanda ya ji a cikinsu. Wanda ya kuskura ya buɗe nasa, sai su dube shi kamar ya yi tusa a coci.

Na ce masa, "To kai da ka saya, me ka saya? Leda?"

"Yaya Bernice, ajiya maganin wata rana ce."

"A bari ya huce kuma shi ke kawo rabon wani."

Ya yi murmushin nan nasa na haƙuri mai sa mutum ya ji kamar ya kwaɗa masa ludayi. Ya sauka ɗakin ƙasa ya jingine faifan a kanta, nesa da rana, nesa da murhu.

Ya ce sai ranar tunawa da aurensu. Ranar ta zo, ya ce sai ya yi ritaya, ya sayi garmaho mai sabuwar allura. Ya yi ritaya, ya sayi garmahon, shi ma ya bar shi a kwali. Noreen ta mayar da abin wasa, kowace Kirsimeti ta ɗaura masa ɗan almakashi a cikin kyaututtukansa. Ana dariya, shi ma yana dariya. Ni ban taɓa yi ba, don na san ƙanwata. Idan abu ya fi cin ranta, a nan take fin barkwanci.

Wata rana Lyle ya tafi kamun kifi, na ɗauko wuƙar yanka burodi na ce wa Noreen mu sauka mu buɗe faifan.

Ta riƙe hannuna. "A'a, Yaya. Ai na san hanyar ɗakin ƙasa. In ni na buɗe, me na samu? So nake shi ya buɗe min."

Daga baya ciwo ya kama ta a maƙogwaro. Aka yi mata aiki, muryar ta tafi gaba ɗaya. Mace mai surutu kamar rediyo ta koma nuni da hannu. A nan ma dole in faɗi gaskiya: Lyle ya yi jinyarta. Ya dafa romo, ya wanke ta, ya taje mata gashi. Duk abin da mutum zai yi ba tare da ya yaga leda ba, Lyle ya yi.

Wata safiya ina zaune gefen gadonta, ta kama hannun rigarsa, ta nuna ƙasa, ta juya yatsa kamar faifai yana zagayawa. Ya gane sarai.

Ya shafa kanta ya ce, "Ranar da kika warke. Mu yi biki, mu yi rawa. Kin ga kina da abin jira."

Na bi shi kicin na rufe ƙofa. "Kai, ba ka da ido ne? Ba za ta warke ba. Muryarta take so ta ji!"

"In na buɗe yanzu, kamar na sallama ta ne."

Idonsa cike da hawaye ya faɗa, kuma na yarda har zuciyarsa haka yake ji. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da mugu ne, da na san yadda zan yi da shi.

Noreen ta rasu da kaka, kafin ganyen itatuwa ya gama zuba. Bayan an binne ta mutane suka cika gidan, ana cin taliya da cuku, ana shan kofi, ledar kujeru tana ƙara. Da aka watse, saura ni da shi, sai ya sauka ɗakin ƙasa ya hauro da garmaho da faifan. Ya buɗe wata durowa cike da ƙananan almakasai, ya zaɓi ɗaya. Ya yanka ledar a hankali ta gefe, ta zame ta faɗi ƙasa.

Allura ta sauka. Ga hayaniyar fili, ga wani yana gyara jita, sai shiru. Daga can nesa, ras, muryar ƙanwata tana budurwa, cike da dariya:

"Lyle! Yi sauri mana, za ta wuce ka!"

Jama'ar filin suka yi dariya, kiɗa ya fara. Waƙar ba wani daɗi ne da ita ba.

Lyle ya durƙushe yana kuka kamar an yanka shi. Duk haushina sai na ji tausayinsa ya kama ni. Na tashi zan dafa kafaɗarsa, in ce masa ya isa, ihu bayan hari ba ya dawo da komai. Na yi taku ɗaya, sai ya ɗago hannu da sauri, fuskarsa jage-jage da hawaye.

"Yaya, a hankali, kar ki taka ledar. Takardar gwal ɗin tana jiki."

Ya ɗauke ta, ya shimfiɗa a cinyarsa, yana goge ta da tafin hannu. Na ɗauki jakata da kwanon taliyata na fita, waƙar ba ta ma ƙare ba.