Harshen Baba Shambe

In ka sauka matsayar jiragen masunta ta Keamari bayan sallar asuba, kafin kowa ya tada inji, za ka tarar da wani dattijo tsugune a gindin famfon dizal. Zai tsiyayi man a wata tsohuwar moɗa ta tagulla, ya ɗaga ta wajen haske, ya sansana, sannan ya tsoma yatsa ya ɗiga a harshe. Sai ya rufe ido, masunta talatin suna tsaye suna jiransa. In ya tofar ya ce, "Ku sha," a fara zuba wa jirage. In kuwa ya girgiza kai, to ko mai gidan man ne ya zo da kansa, ranar ba a sayar da ɗigo.

Baba Shambe Dad Rahim ke nan, ɗan unguwarmu ta Lyari, mai shekara saba'in da huɗu. Ranar Alhamis mai zuwa zai ajiye moɗar, don gwiwoyi sun ce sun gaji da tsugunno. Samarin matsayar suna ɗaukarsa tsoho mai tsirfa kawai. Ni kuwa na rantse ba zai tafi gida shiru ba, sai na tona abin da harshen nan ya taɓa yi.

Lokacin yaƙin shekarar 1971, Shambe shi ne mai kula da famfuna a wata tankar mai ta sojan ruwa, wato jirgin da ke kai wa jiragen yaƙi mai. Sunanta na takarda ba wanda ya damu da shi, kowa Ɓauna yake ce mata: baƙa, ƙatuwa, ga nawa, aikinta kawai a tatse ta. Ba ta da bindigar kirki, ba ta taɓa nutsar da ko kwalekwale ba. Mutanen jiragen yaƙi in sun hango ta sai tsiya ta tashi. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, jirgin da tankinsa ya bushe kuwa ba ya tsokanar kowa.

Shambe ba ya ba da labarin nan. Wanda ya ba ni shi Gulam Kadir ne, mai hura wutar inji a wani jirgin yaƙi mai ɗauke da mutum ɗari biyu da hamsin. Wata safiya a Disamba jirginsu ya iso wurin Ɓauna a tsakiyar teku, man da ya rage masa bai wuce na awa uku ba. Jiragen suka jera kafaɗa da kafaɗa suna tafiya, aka jefa igiya, aka ja ƙaton tiyo aka ɗaura. Jirgi biyu ɗaure da juna da rana tsaka, ga labarin jiragen saman abokan gaba suna shawagi: ko makaho ya samu wannan ba zai yi kuskure ba. Kowa so yake a zuba a rabu.

Kadir na cikin masu riƙe tiyo. Ya ƙwala kira ta saman ruwa, "Kai mai Ɓauna! Tatso mana mana, ko sai mun kawo mata dusa?"

Shambe ya tsiyayi baƙin man tanki na uku a moɗarsa kamar kullum, ya ɗiga a harshe. Gishiri! Ya sake ɗigawa. Gishiri ne, ba tantama. Kwana biyu kafin nan wani bam ya faɗa kusa da su ya girgiza Ɓauna, ashe ya tsaga gindin tankin, ruwan teku ya shiga ya kwanta a ƙasa, daidai inda famfo ke zuƙa. Maganin da ake shafa wa sanda don gano ruwa ya ƙare tun farkon yaƙi. Ba shi da shaida sai harshensa. Ya kuma san in man nan ya shiga murhun jirgin su Kadir, wuta za ta mutu, jirgin ya tsaya cak a kan ruwa.

Sauya tanki da wanke bututu aikin minti arba'in ne. Da aka gaya wa kyaftin ɗin Ɓauna, Aftab Mirza, sai ga shi ya sauko da kansa cikin fararen kaya, ido jajur.

"Wa ya ce a tsaya?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Akwai ruwa a man."

"Ka gwada da me?"

"Da bakina."

"Da bakinka! Rayukan jirgi biyu zan rataya a bakinka? Buɗe famfon nan, umarni ne!"

Ƙin bin umarni a fagen yaƙi ba wasa ba ne, Shambe ya san kotun soja ke jiransa, wataƙila ma abin da ya fi haka. Amma me ya yi? Ya zare sifanar buɗe famfon, ita kaɗai ce a wurin, ya zura ta cikin wandonsa ya ɗaure mazagi tam. Sannan ya miƙa wa kyaftin moɗar da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ka harbe ni in an gama. Amma don Allah ka fara ɗanɗanawa."

Kyaftin ya dubi moɗar, ya dubi ɗan Lyarin nan mai sifana a wando. Allah ya jiƙan Aftab Mirza, namiji ne: ya karɓa ya kurɓa, ba ɗigo ba, kurɓa sosai. Ya furzar, baƙin mai ya wanke masa gaban farar riga.

"Me kuke kallo?" ya daka tsawa, haƙora baƙi ƙirin. "Tanki na biyar! Kowa ya bi abin da Shambe ya ce!"

Sai wuri ya kacame! Shambe ya zaro sifanarsa yana gudu yana ba da umarni, hafsoshi na murɗa ƙarfe, mai dafa abinci na jan bututu, kyaftin da kansa ya naɗe hannun riga. Aikin minti arba'in suka gama shi a ashirin da takwas. Tiyo ya kumbura, mai tsabtatacce ya wuce, aka kwance aka rabu. Ba a yi rabin awa ba jiragen sama biyu suka ɓullo. Kadir yana ƙasa a gaban murhu lokacin da aka buga ƙararrawar a ba da wuta duka. Ya ba da, murhu ya amsa, jirgin ya yi ta kauce-kauce bama-bamai na faɗawa a inda ya baro. Ya ce mini, "Ɗana, ina zuba man nan ina kuka, ina cewa Allah ka yafe mini dusar da na ambata."

Da yaƙi ya ƙare, masu harbi suka sami labaran da ake bayarwa a shagon shayi. Ɓauna ta ci gaba da shayarwa har ta tsufa aka yanka ta a Gadani, inda ake farfasa tsofaffin jiragen ruwa. Shambe ya dawo Keamari da moɗarsa.

Tun daga shekarar, duk ranar da abin ya zagayo, Kadir na hawa bas daga unguwarsu ta Malir da kwalin alewa ya kawo masa. Shambe ya gutsura ya lumshe ido ya ce, "Kai, ta bana ta fi ta bara." Sai kwanan nan matarsa, Inna Mahganj, ta fasa mini ƙwai.

"Ƙarya yake yi, ɗan nan. Shekara talatin ke nan mai ya cinye masa harshe. Ba ya jin zaƙi, ba ya jin yaji. Gishiri kaɗai ya rage masa. Ni da nake ɓata kayan miyata a kansa ai na sani."

Abin ya tsaya mini a rai, har na kasa haƙuri na tambayi Kadir ko ya sani. Ya yi dariya har da tari.

"Na sani tun tuni mana. Shi ya gutsura, sauran ni da jikokina muke cinyewa a gabansa. Ya ɗanɗana mana manmu, mu ma muna ɗanɗana masa alewarsa."

Baba Shambe, kai ne mai moɗar tagulla, wanda ya ce a'a a gaban kyaftin. Kai ne ka hana jirgi tsayawa a teku, ka kuma hana masuntanmu kwana a ruwa da mataccen inji shekara da shekaru. Ba ka taɓa harba harsashi ba, amma mutum ɗari biyu da hamsin sun koma gida sun ci abincin iyayensu saboda kai. Mun gode, Allah ya saka, ya ba gwiwoyin nan hutu.

Ku kuma masu aikin da ba a yi wa tafi, in kun ji gishiri a inda bai kamata ba, ku faɗa, ko wa ke tsaye a kanku. Ranar Alhamis bayan la'asar muna matsayar Keamari, kowa ya zo ya gaishe shi. Amma kada wanda ya kawo alewa. Wannan aikin Kadir ne.