Fulawar da na zuba a gwangwanin Hanifa

Da can ni mai sayar da awara ce a Miri. A aji huɗu na firamare na tsaya, amma hannuna ya san waken suya. Mijina ɗan acaɓa ne, muna da ɗa guda, Abba, yana shan nono a lokacin. Ba mu da wani abu, amma ba a taɓa jin kaina da kowa ba.

Samarin unguwa masu ɗaga ƙarfe ne na ga suna sayen wani gari a manyan gwangwanaye, wai furotin, mai gina jiki. Na ɗanɗana, na ce ai wannan zan iya. Na soya waken suya da gyaɗa, na haɗa da madarar gari, na niƙa, ina ƙullawa a leda. Da a nan na tsaya, da halal nake ci.

Sai na lura garin da ake rainawa a leda, in yana cikin gwangwanin waje ba a ko taya shi. Na fara sayen gwangwanayen da aka shanye, in wanke, in cika da nawa, in liƙe bakin da dutsen guga. Da wake ya yi tsada kuma, na fara ƙara fulawa. Nakan ɗan soya ta har ta yi kalar waken. Ina ce wa kaina fulawa ai abinci ce, ba guba ba.

Wata rana wata malamar makaranta daga wajen Gubi ta zo, riƙe da hannun 'yarta Hanifa, siririya mai manyan idanu. Ta ce likita ya ce hanjin yarinyar ba ya karɓar alkama ko kaɗan, saboda wani abu da ke cikinta, gulutin, wanda ke sa ƙullin fanke danƙo. Tana son abin da zai ƙara mata kumari. Ta bi rubutun gwangwanin da yatsa, ta ce an rubuta babu shi a ciki. Sannan ta dube ni.

"Maman Abba, don girman Allah, ba a taɓa buɗe shi ba?"

Na ce wallahi yadda ya zo ke nan. A raina kuwa cewa na yi iyayin 'yan boko ne, wane yaro burodi ya taɓa kwantarwa?

Malama ta yi ta dawowa, kuma duk zuwa ina ganin Hanifa na ƙarewa. Cikinta ya kumbura, wuya ya rame, awarwaron hannunta har gwiwar hannu yake zamewa. Malama ta ce gudawa ta ƙi tsayawa, alhali ta hana taliya, ta hana cincin da alkaki, har tukunya da muciya ta ware mata. Ta ce ta tabbata yarinyar na cin biskit a ɓoye a makaranta, jiya ma sai da ta zane ta, amma ta ƙi amsawa. Hanifa na tsaye tana kallon ƙasa. Tunda tana ramewa, Malama ta ce za ta ƙara mata cokali. Ta sayi gwangwani biyu.

Ranar na kasa cin abinci. Amma abin da na yi kawai shi ne rage fulawar. Ban cire ba, ban kuma faɗa ba, don in na faɗa asirin gwangwanin ya tonu.

Bayan an kwantar da Hanifa a asibiti ne Malama ta kwaɓa garin da ruwa kaɗan, ta ga yana miƙewa. Ta wanke ƙullin a famfo, sai wani danƙo kamar cingam ya rage. Waken suya ba ya haka. Ta zo gidana da shi a tafin hannu, ba ta ɗaga murya ba.

"Da hannuna nake ba ta, safe da yamma," ta ce. "Har dukanta na yi."

'Yan sanda suka tarar da gwangwanayen da buhun fulawa a ɗakina. Alƙali ya tura ni gidan yari. Aka kai Abba Zungur wajen uwar mijina, aka yaye shi ba shiri. Nono na ciwo, ni kuwa ba abin da nake tunani sai me ake ba shi, in ya yi ciwo za a gaya min gaskiya?

Da na fito, Abba ɓuya ya yi a bayan kakarsa. Na haɗiye wannan, na hau keke-napep zuwa Gubi. Hanifa ta warke, sai dai ta maimaita aji. Malama ta ce ta yafe nata, na yarinyar kuwa ita zan roƙa. Na durƙusa gaban 'yar da na isa in haifi kamarta. Abu ɗaya ta tambaye ni: "Anti, kin gaya wa Mama ban ci biskit ba?"

Na koma awarata, ina istigfari. Ku masu saye, musamman don mara lafiya, kada rubutun gwangwani kaɗai ya ishe ku. Ku duba liƙin bakin, ku san inda ya fito, ku nuna wa likita kafin ku ba yaro. Ku kuma 'yan'uwana masu ƙaramar sana'a, in uwa ta tambaye ku abin da ke cikin kayanku, ku faɗa, ko da cinikin zai tafi. Ni ban faɗa ba, kuma yarinyar da ba ta yi ƙarya ba ita ta sha dukan.