Waken da na jera a faifai ranar jarrabawar mushe

Shekarun baya, lokacin da ɗana na fari ya shiga lakwal, wato makarantar boko, ta mishan a Ƙonni, ba ni da damuwar da ta wuce a manta da shi a bayan aji. Yaro ne marar magana, in ka tambaye shi sunansa sai ya duba ƙafarsa. Ni ma haka nake ina ƙarama. Shekara uku na yi a lakwal a ƙauyenmu wajen Bazaga, ban tuna ranar da mushe, wato malamin aji, ya kira ni gaban allo ba.

Don haka in na raka shi da safe ba na komawa gida nan take. Akwai wani bedi, itacen dogon yaro, kusa da tagar ajinsu, nan nake tsayawa da goyona, ina yi kamar inuwa nake sha. Maigidana, da ke jan mota tsakanin Ƙonni da Malbaza, har suna ya sa mini, wai mai gadin bedi.

Ashe Maser tana ganina. Maser ita ce matar cocin nan mai farin kallabi da ke riƙe da lakwal ɗin, ta daɗe a ƙasar nan har Hausa ta zauna mata a baki. Na taɓa gaya mata, cikin jin nauyi, cewa akwai wata yarinya a ajin ɗana da kullum take karkata kai gefe guda in ana magana, ko a duba kunnenta. Aka duba, aka samu ciwo. Ni na manta da zancen.

Wata safiya sai ga ta ta nufo bedin. Na ce a raina yau za a kore ni.

Ta ce, "Uwar yara, muna son ki zauna cikin masu duba mushe."

Na ce, "Wane mushe, Maser? Mi ya yi?"

Ta yi dariya, ta ce bai yi komai ba. Ta bayyana mini cewa malamin da ke neman babbar takarda, wadda za ta ɗaga shi zuwa mataki na gaba, sai an zauna a ajinsa an ga yadda yake koyarwa. Ita za ta zauna, da wani babba daga ofishin makarantunsu na Maraɗi, da wani tsohon darekta. Bana kuma sun ga ya kamata a sa mutum guda daga cikin iyaye.

Na ce, "Ku yi haƙuri, ni Faransancina bai wuce gaisuwa ba."

Ta ce, "Masu Faransanci muna da su har uku. Mai ido muke nema."

Da na gaya wa maigida, sai da ya ajiye kofin shayinsa don dariya. Ya ce, "To, Madan sufeto, in kin kayar da bawan Allah, ki sani motata ba ta ɗaukar mai gudun hijira kyauta." Na ce shi ya ga abin dariya, ni ban gani ba. Abin da ya ƙara ɗaga mini hankali shi ne labarin da na ji a bakin ƙofar lakwal: mushen da za a duba, na aji biyu ne, ɗan garin Dogarawa, ya taɓa neman takardar nan bai samu ba. In ya sake faɗuwa sai ya jira wasu shekaru, ga shi kai ya fara furfura.

Ranar na sa zanen sallata. Kuma da yake ba a zuwa wajen manya hannu sake, na ɗebo waken da mahaifiyata ta aiko mini daga ƙauye, na cika ƙwarya, na rufe da faifai. Maser ta gani, ta riƙe haɓa. Ta ce mai duba jarrabawa ba ya ba da kyauta, ba ya karɓa, in riƙe kayana har a tashi. Haka na shiga ajin mutane da ƙwaryar wake kamar mai talla.

Aka jera mana kujeru huɗu a baya. Aka ba kowa takarda da biro. Su ukun suka duƙufa rubutu tun mushe bai buɗe baki ba. Ni na juya takardar nan, na sake juya ta, na ajiye.

Darasin lissafi ne, wannan kam ina ɗan bi. Mushe mutum ne siriri, muryarsa ba ta da ƙarfi. Sai na ji tausayinsa ya kama ni, hannuna kuma ya rasa abin yi. Na ɗora faifan a cinya, na ɗebi wake. Ajin layi huɗu ne na benci, sai na raba faifan huɗu a raina. Duk yaron da mushe ya kira, in ajiye ƙwayar wake a daidai inda yake zaune. Wallahi ba dabara ba ce, tsoro ne ya sa ni, don kada a ga ina zaune banza.

Can lungun dama akwai wata ƴar baƙa mai kitson zane biyu. Ya kira ta, ta kuskure. Ya wuce, ya tambayi wasu, ya dawo mata da tsinkayen kara a hannu. Ta sake kuskurewa. Babban na Maraɗi ya duba agogonsa. Sai a karo na biyar ta ɗaga allonta da amsa daidai, ta yi wani murmushi da giɓinta. Daidai nan aka buga ƙarfen tashi, ga rabin abin da ya rubuta a babban allo ba a taɓa ba.

Yara suka miƙe gaisuwa, manya suka miƙe. Ni kaɗai na kasa tashi, don in na motsa waken zai gangare. Maser ta zo ta ce a hankali, "Lafiya?" Na nuna mata cinyata. Ta duba, ta duba, ta kama gefe guda na faifan. Haka muka ratsa filin lakwal mu biyu muna tafiyar amare, yara na kallo.

A buro, wato ofishin lakwal, babban na Maraɗi ya fara. Maser tana juya mini da Hausa. Ya ce mutumin ya san aikinsa, amma bai ƙare darasi ba, ya ɓata lokaci kan yarinya guda, kuma dalilin da ya kayar da shi wancan karo ke nan. Tsohon darekta ya ce shi yana tsakiya. Sai duk suka juyo gare ni.

Na tura faifan tsakiyar tebur, na ce, "Ni ban rubuta komi ba, ranku shi daɗe. Wanga shi ne ajin. Nan gaba, nan baya. Duk inda kuka ga wake, mushe ya kira yaro." Na nuna musu benci guda wajen ƙofa da ba shi da ko ƙwaya, don kada in yi ƙarya. Saura duka akwai, har layin ƙarshe.

Babban ya cire tabarau ya sunkuya. Sai ya yi mini magana da Hausa garau, ashe ya iya. Ya ce, "Malama, kowane malami ya san haka ake yi ranar da baƙi suka zo. Gobe fa?"

Nan na ji tsoron ya sake ni, don wannan abin na san shi. Na ce, "Yaron da ba a saba kira ba, in aka ambaci sunansa, waiwayawa yake yi tukuna, shina zaton da wani ake. Ni haka na yi da an taɓa kirana. Yaran bayan nan ba wanda ya waiwaya. Ita ma yarinyar da ta kuskure har sau huɗu ba ta yi kuka ba, ba ta rufe kai da hannu ba. Ta san za shi dawo mata."

Tsohon darekta ya ɗauki ƙwayar wake guda yana juyawa, ya ce shekara talatin yana duba malamai, bai taɓa duba ƙeyar yara ba. Babban ya mayar da tabaransa, ya yi rubutu mai tsawo. Aka ba mushe takardarsa, da gargaɗin ya riƙa duba agogo, ya kuma tuna da bencin bakin ƙofa.

Da aka kira shi aka gaya masa, ya yi ta godiya da Faransanci, ya juyo wajena, sai ya ce, "Inna, Allah shi raya miki." Ni da ban girme shi ba, shi ya girme ni da kusan shekara ashirin. Da na ba maigida labari, ya ce daga yau shi ma Inna zai riƙa ce mini, ya yi kusan wata yana yi.

Shekara huɗu ana kirana wannan zama, har muka ƙaura. Ba kowa na yaba ba, akwai wanda na faɗi abin da na gani aka ce ya sake shiri, kuma na kwana biyu ina jin nauyinsa. Har yau in na tuna, mamaki nake yi yadda na kusa ƙin zuwa don kawai ban iya riƙe biro ba.

Roƙona gare ku, musamman mata irina da karatu bai yi nisa ba: in an kira ku lakwal ɗin ɗiyanku, ku je. Ku nemi izni ku zauna a baya ko sau ɗaya ne, ku kalli yaran, sannan ku faɗi abin da kuka gani.