Na Duba Matan Unguwa, Ban Duba Inna Ba

Ko da zan manta da duk abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin jinya, ranar da na ɗaga mayafin mahaifiyata ba za ta taɓa barin zuciyata ba.

A farkon shekarun casa'in ne aka ware mu, mu 'yan kaɗan, mu riƙa shiga lungunan birnin Zariya muna wayar wa mata kai a kan ciwon dajin mama. Shugabarmu wata dattijuwar sista ce daga Wusasa. A lokacin ko sunan ciwon ba a son kamawa, sai dai a ce "mugun ciwon nan". Mata ba sa zuwa asibiti sai abu ya fi ƙarfin jiƙe-jiƙe. Magidanta da yawa a zaure suka tare mu, suka ce iyalinsu lafiya lau suke.

Gidanmu na Kwarbai ne ya fara buɗe mana ƙofa. Inna da kanta ta bi maƙwabta tana gayyata, har tsakar gida ya cika. Na tsaya ina nuna yadda mace za ta shafa ƙirjinta da hammatarta in ta yi wanka, in ta ji ƙullutu, ko ba ya ciwo, kada ta zauna. Daga nan muka riƙa shigar da su ɗaki ɗaya bayan ɗaya muna dubawa. Inna tana can bakin murhu tana dama wa baƙi kunu.

Sista ta ce, "Hajiya, saura ke."

Inna ta yi dariya. "Ni da na yaye auta tun tuni? Ku ji da masu goyo."

Sista ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ni ce 'yar fari. Inna ko sunana ba ta faɗa, ni ma ba na iya haɗa ido da ita. Ta yaya zan ce ta kwance zani a gabana? Na ce wa sista zan duba ta daga baya.

Aka shafe fiye da shekara ban duba ta ba. Muna ta yawo har wajen Ƙofar Doka, ana ta sa mini albarka. Wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar ɗakinta ya turnuƙe da turaren wuta. Ƙanwata, wadda ke aure kusa da gida, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ta hana ni faɗa, amma kullum ni nake wanke mata tsummokara."

Na koma na durƙusa. "Inna, ki gafarce ni, yau sai na gani."

Ta juya fuskarta bango, na ɗaga mayafin. Ciwon ya riga ya fashe, an cike shi da garin magani.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun kafin taronku. Duk abin da kika faɗa ranar nan na ji, kamar da ni kike. Da baƙi suka watse na zauna ina jira ko za ki shigo. Ba ki shigo ba, ni kuma bakina ya yi nauyi."

Likita ya ce ya riga ya kai huhu, sai dai a rage mata zafi. Ba ta ga damina ta gaba ba. Ni kuwa na kasa sake tsayawa gaban mata in yi bayani, na roƙa aka mayar da ni ɗakin haihuwa.

Yau na tsufa, har yanzu ban yafe wa kaina ba. Abin da na koya, a makare na koye shi: mai ciwo sau da yawa jira yake a tambaye shi. Kunya tarbiyya ce, amma in rai ne a tsakani, gara a ce ba ka da ta ido da ka yi shiru har a ɗauki naka zuwa maƙabarta.