Gwajin Asun Masarata

Ƙanena ya ɓata sunan gidana a gaban masu neman auren 'yata, kuma har yau bai yarda ya yi laifi ba.

Ni a aji uku na sakandare na tsaya, na kama sayar da hatsi a Kwarbai. Shi ya wuce jami'a har ya zama dokta, amma doktan ƙwari. Bara asu ya shiga mini ɗakin ajiya, irin ƙananan nan masu ruwan toka da ke tashi in ka buga buhun masara. Ya zo da 'yan kwalabe ya kama. Ya ce a ido duk ɗaya ne, amma akwai iri-iri masu kama kamar an tsaga kara, kowanne da yadda ake yaƙarsa. Wai sai an cire ƙafa guda an gwada ta a na'ura ake sanin kowa da danginsa. Na ce je ka yi. Na ma manta.

Lokacin wasu mutanen Tukur-Tukur na neman babbar 'yata, suna cikin binciken asali. Wata la'asar muna zaune a ƙofar masallaci da baffan yaron da ke nemanta, sai ga ƙanena a mota. Ko fitowa bai yi ba, ya sauke gilashi ya ɗaga murya:

"Yaya, albishirinka! Gwajin DNA na gidanka ya fito. Ashe kamannin ne kawai, su biyun ba su haɗa asali ba!"

Ya ja mota ya tafi.

'Ya'yana biyu ne, duk mata, masu kama da juna. A garin nan kuwa in an ce gwajin DNA, abu ɗaya mutane suka sani. Baffan yaron ya sunkuyar da kai. Na ce, "Alhaji, ƙwari yake nufi fa, asun masara."

Ya ce, "Allah Sarki. Ƙwari." Ya sa takalmi.

Daga nan shiru. Ranar da suka ce za su dawo ta wuce. In waya ta yi ƙara, sai in yi wuf in duba ko su ne. In na shiga layinmu na ga mutum biyu sun daina magana, sai in ji kamar an yaye mini riga. Uwar yaran na tambayata me ya hana ni cin abinci. Da wane baki zan faɗa mata abin da ake zarginta da shi? Yarinyar kuma tana ta duba wayarta, tana kallona.

Na sami ƙanen nawa a gidansa na Ƙofar Gayan, na zayyana masa. Dariya ya yi, wallahi.

"Haba Yaya, wannan ai jahilci ne. Kowa ya san har itace yana da DNA."

Na ce, "Dokta, kowa wa? A cikin jahilan nan 'yata za ta yi aure, ba cikin abokan aikinka ba. Ka iya bambance ƙwaro da ƙwaro, ba ka iya bambance ofis da ƙofar masallaci ba. Tashi ka ɗauko kwalaben nan. Yanzu za mu Tukur-Tukur, ka durƙusa gaban dattijon nan ka nuna masa ƙafar da ka gwada. In auren nan ya lalace, kada ka sake kirana Yaya."