Cokalin Farko na Labaran

Aikin Labaran a duniya cokali ɗaya ne, kuma da shi ya aurar da 'ya'yansa. Tun yana kurtu a bariki aka haɗa shi da Kyaftin Ɗalhatu, yana goge masa takalmi. Wata rana a bakin daga aka dafa wa hafsoshi wake, duk wanda ya ci ya wuni yana zarya bayan daji. Kowa ya ce waken ne ya lalace, Kyaftin ya ce shi aka nufa da guba. Daga ranar bai ƙara kai loma baki ba sai Labaran ya fara haɗiyewa a gabansa, an ɗan jira an ga bai faɗi ba.

Ɗalhatu ya tuɓe kaki yana Kanar, ya tafi majalisar wakilai, Labaran na biye. Da ya zama gwamna kuwa, har girkin matarsa sai an ɗanɗana, ita tana tsaye tana harara. Ku ji ikon Allah, mutum ya yi rayuwa a bakin tukunyar manya amma bai taɓa ƙoshi a zaune ba.

Mulki na ƙarewa aka watse kamar kasuwar ƙauye bayan la'asar. Wani ɗan kasuwar Kano ya samo wa Labaran biza, ya zo Dubai yana gadin sito a unguwar Al Ras, inda ake ɗaure kanumfari da citta ana loda wa kwantena. A nan ya fara cinye faranti guda shi kaɗai, har ya ajiye ɗan tumbi.

A azumin 2019 Barira, 'yar tsohon gwamnan, ta nemo shi. An yi wa babanta aikin zuciya a nan Dubai, likita ya hana shi azumi, maganin rana kuma sai da abinci. Tsoho ya ƙi ci. Ta ɗanɗana a gabansa, ya ce ai ita mai gado ce.

Labaran ya isa da azahar, ya tarar da mutum ya koma sillen kara. Ya ƙame ya sara masa. Tsoho ya nuna kwanon miya da haɓa, kamar jiya suka rabu. Labaran ya ce yana azumi, amma zai taɓa da harshe ya tofar. Tsoho ya ce sai dai ya haɗiye.

Labaran bai taɓa ce masa a'a ba, kuma bai taɓa shan azumi da gangan ba. Ya dubi falon, kujeru reras babu kowa a kai.

"Ranka ya daɗe, wa ya zo duba ka tun da ka kwanta?"

Tsoho ya bi kujerun da kallo. Labaran ya ƙara da cewa:

"To ita guba ma mai kujera ake saya wa. Ba zan karya azumi don maƙiyin da ya manta da kai ba."

Barira ta sunkuyar da kai. Tsoho ya ambaci mataimakinsa na da, Labaran ya ce ya rasu bara. Ya ambaci wani ɗan majalisa da suka yi ta shari'a, aka ce yana can kotun zaɓe yana neman kujerar sanata, ba ta shi yake ba. Ya lalubi suna na uku bai samu ba.

Sai ya jawo kwanon, ya kai cokali ya haɗiye. Ya jira, su ma suka jira.

"Babu gishiri," in ji shi.

Barira ta ce likita ne ya hana. Ya ja tsaki, ya ci gaba da ci.